Yadda jijiyoyin jinin huhu ke sauya hali daga ciki zuwa makonnin farko na rayuwar dabba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai koyon likitancin dabbobi. An faɗa mana a aji cewa jijiyoyin jinin huhun jaririn dabba ba sa amsa magani ko ƙarancin iska kamar yadda na babbar dabba suke yi, amma ba a zurfafa bayanin dalili ba. Me ke sauyawa a cikinsu yayin da dabbar take girma, kuma sanin wannan zai amfani wanda aikinsa a garke yake?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Abin da aka faɗa muku gaskiya ne, sai dai kalmar "jariri" ta yi faɗi da yawa a wannan fage, domin jijiyar huhun ɗan tunkiya mai awa ɗaya a duniya daban take da ta mai kwana uku, ta mai kwana uku kuma daban take da ta mai wata guda. Duk wanda zai yi magana a kan wannan batu, wajibi ne ya fara faɗin irin dabbar da kuma kwanakinta.

Mu faro daga cikin uwa. Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, mabiyiya ce take ɗauko masa iskar oksijin daga jinin uwa, shi kuwa huhun cike yake da wani ruwa da shi kansa yake tsatsafowa. Tun da babu iskar da jini zai je ɗauka a can, jikin ɗan tayi yana tsuke ƙananan jijiyoyin huhu ƙwarai, har jinin da ɓangaren dama na zuciya ya turo ya tarar da turjiya mai ƙarfi, sai ya kauce ya bi wata gajeriyar hanya da likitoci ke kira daktus, wadda ta haɗa babbar jijiyar huhu da babbar jijiyar da ke raba jini ga sauran jiki. Akwai kuma wata ƙofa a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu na zuciya, inda jinin da ya fi oksijin yake tsallakawa kai tsaye zuwa hagu. Abraham Rudolph da Michael Heymann, waɗanda suka yi aiki a San Faransisko ta Amurka, sun fito da wata dabara a 1967 ta auna yadda jini ke rarrabuwa a jikin ɗan tayin tunkiya, kuma ayyukansu sun nuna cewa ko da haihuwa ta matso, abin da ke ratsa huhu bai wuce kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa ba. Tunkiya tana ɗaukar ciki kwana 147 ko kusa da haka, kuma girman ɗanta ya yi daidai da na jaririn mutum, shi ya sa mafi yawan abin da muka sani a wannan fage daga tumaki aka samo shi.

Wannan tsukewa aiki ne da jiki yake yi da gangan, kuma yana ƙara ƙarfi yayin da ciki ke tsufa. Babban abin da ke riƙe da ita shi ne ƙarancin oksijin. Ƙarfin oksijin a jinin da ke shiga huhun ɗan tayin tunkiya bai wuce milimita 18 zuwa 20 a ma'aunin zaiba ba, alhali a jinin da ke fita daga zuciyar babbar dabba zuwa jiki yana kusa da 100. Jijiyoyin huhu suna da wata ɗabi'a da ta saɓa wa ta sauran jijiyoyin jiki: idan oksijin ya ragu, jijiyar ƙafa ko ta ƙwaƙwalwa buɗewa take yi don jini ya ƙaru, ita kuwa ta huhu tsukewa take yi. Ulf von Euler da Göran Liljestrand ne suka bayyana wannan a Suwidin a 1946, cikin gwajin da suka yi da kyanwoyi. A babbar dabba wannan ɗabi'a tana da amfani bayyananne, domin idan majina ta toshe wani lungu na huhu, jijiyoyin wannan lungu suna tsukewa, jini ya karkata zuwa inda iska take. A ɗan tayi kuwa huhun gaba ɗaya ne ba shi da iska, don haka gaba ɗayansa yake tsuke.

Abin da zai ba ka sha'awa shi ne cewa wannan ji da oksijin ba tun farko jijiyar take da shi ba. Idan aka ƙara wa uwa oksijin lokacin da cikin tunkiya yake da kimanin kwana 100, jinin huhun ɗan tayi ba ya wani motsi, amma idan aka maimaita bayan kwana 130, sai ka ga jinin ya ninka sau da dama. Haka nan tsukewar da ƙarancin iska ke jawowa tana ƙara tsanani a makonnin ƙarshe. Wato jijiyar tana koyon sauraron oksijin ne daidai lokacin da haihuwa ke gabatowa, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa bakwainin dabba yake shan wahala ko da an taimaka masa da iska.

Ɗan tayi yana da wata dabara kuma da ba a samunta da irin wannan ƙarfi a babba. Idan aka ba shi wani abu da ke buɗe jijiya, jinin huhu yakan ƙaru na ɗan lokaci, amma cikin awa ɗaya ko biyu sai ya koma inda yake ko da ba a daina ba da abin ba, domin tsokar bangon jijiyar tana mayar da martani ga duk wani miƙewa da aka yi mata ta hanyar sake matsewa. Jikin ɗan tayi yana kare kansa ne daga kwararar jini zuwa gaɓar da ba ta fara aiki ba tukuna.

Sai ranar haihuwa. Cikin 'yan mintuna jinin da ke ratsa huhu yana ninkawa sau takwas zuwa goma, kuma babu wani lokaci a rayuwar dabba da hanyoyin jini ke sauyawa da irin wannan gaggawa. Geoffrey Dawes da abokan aikinsa a Oksfod ta Ingila sun nuna a 1953 cewa hura iska cikin huhun ɗan tunkiya tana karya turjiyar nan take. Daga baya aka gano cewa buɗewar huhun kanta, ko da da iskar da ba ta ƙara oksijin a jini ba, tana kawo kaso mafi yawa na wannan sauyi, oksijin kuma ya zo ya ƙarasa. Ayyukan Stuart Hooper da mutanensa a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun ƙara wani abin mamaki, inda suka ga a 'ya'yan zomaye cewa idan iska ta shiga huhu ɗaya kawai, jini yana ƙaruwa a duka biyun. Su ne kuma suka nuna a 'ya'yan tumaki a 2013 cewa idan huhu ya buɗe kafin a ɗaure cibiya, bugun zuciya da tafiyar jini sun fi daidaita. Dalilin a fili yake: kafin haihuwa jinin da ke cika ɓangaren hagu na zuciya daga mabiyiya yake zuwa, bayan haihuwa kuwa daga huhu zai zo, to idan aka yanke na farko kafin na biyu ya buɗe, zuciya takan zauna ɗan lokaci babu isasshen abin da za ta tura.

A nan ne ya kamata mu shiga cikin bangon jijiyar mu duba. Ƙaramar jijiyar huhu tana da shimfiɗar ƙwayoyin halitta guda ɗaya a ciki wadda jini ke gogawa, sai tsoka a zagaye da ita, sai kuma ɓawon waje. An daɗe ana ɗaukar shimfiɗar cikin nan a matsayin lilin kawai, har sai da Robert Furchgott ya nuna a 1980 cewa idan aka kankare ta, jijiya ba ta saki idan an ɗiga mata asetilkolin, sinadarin da a da yake sa ta saki. A 1987 aka tabbatar cewa abin da shimfiɗar ke fitarwa wata iska ce mai suna naitirik oksaid, kuma wannan bincike ya kai ga lambar yabo ta Nobel a 1998. Steven Abman a Denba ta jihar Kolorado ya nuna a 1990 cewa idan aka hana ɗan tayin tunkiya ƙera wannan iska, buɗewar jijiyoyin huhu a lokacin haihuwa tana raguwa sosai. Sinadarin da ke ƙera ta yana ƙaruwa a huhun ɗan tunkiya a kashi na ƙarshe na ciki, sannan da zarar jini ya fara gudu da ƙarfi, gogar da yake yi wa shimfiɗar tana sa ta ƙara fitar da ita, jijiyar ta ƙara buɗewa, jinin ya ƙara gudu. Abokin aikinta shi ne furostasaikilin, wani sinadari mai buɗe jijiya wanda miƙewar huhu da numfashin farko ke sa a fitar da shi. A ɗaya gefen kuma akwai endotelin, wanda aka gano a Japan a 1988, kuma yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfin matse jijiya, sai dai aikinsa ya dogara ne da inda ya sauka: a kan tsoka yana matsewa, a kan shimfiɗar ciki kuwa yana sa ta saki naitirik oksaid. Rinjaye tsakanin waɗannan ayyuka biyu yana sauyawa a kwanakin da ke kewaye da haihuwa.

Zan so ka kwatanta a ranka yadda ake gwada wannan a ɗakin bincike, domin a nan ne maganar malaminku ta samo asali. Ana yanko jijiyar huhu kamar ɗan zobe, faɗinsa bai kai na ƙwayar shinkafa ba, a rataye shi tsakanin wayoyi biyu sirara cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki wanda ake hura wa iska, waya ɗaya kuma a haɗa ta da ma'aunin da ke zana layi. A fara matse zoben da wani sinadari har layin ya hau ya tsaya, sannan a ɗiga asetilkolin a zuba ido. Masu bincike a Landan, cikinsu har da Sheila Haworth, sun yi wannan da jijiyoyin 'ya'yan aladu masu kwanaki daban-daban a farkon shekarun 1990. Zoben da aka ciro daga sabon haihuwa kusan bai saki ba, na mai kwana uku ya fara saki, na mai kwana goma ya saki fiye da kowa, har fiye da na babban alade. Ka lura da siffar wannan: ba layi ba ne mai hawa a hankali daga jariri zuwa babba, tudu ne da ke hawa ya kai ƙololuwa sannan ya ɗan sauko. Wanda ya auna jariri da babba kaɗai ya bar tsakiyar, ya rasa mafi muhimmancin labarin.

Siffar bangon ma tana sauyawa, kuma Haworth ce ta fi kowa bin diddigin wannan. A ɗan tayi ƙwayoyin shimfiɗar ciki kumbure suke, a cunkushe, suna leƙowa cikin ramin jijiyar har suna rage faɗinsa. Cikin mintuna kaɗan bayan haihuwa sai su baje su yi faifai, ƙwayoyin tsoka su ma su miƙe su daina hawa kan juna, bangon ya yi siriri ba tare da an rasa ƙwaya ko ɗaya ba. Wannan shi ne mataki na gaggawa. Mataki na biyu yana ɗaukar makonni, inda kaurin tsoka idan aka gwada da faɗin jijiyar yake ci gaba da raguwa, sababbin ƙananan jijiyoyi suke tsirowa tare da sababbin jakunkunan iska, ɓawon waje kuma yake ƙara ƙarfi. Saboda haka matsin jini a huhu yakan faɗi zuwa kimanin rabin na jiki a yinin farko, amma ba ya kai matsayin na babba sai bayan makonni. Hatta ƙananan ƙofofin fotashiyum da ke jikin ƙwayar tsoka, waɗanda ta hanyarsu take jin oksijin, suna sauya iri: a ɗan tayin tunkiya waɗanda kalsiyum ke buɗewa ne suka fi aiki, bayan haihuwa kuwa aikin yana komawa ga waɗanda ke amsa sauyin lantarkin jikin ƙwayar.

Ita kuma daktus tana yin kishiyar abin da jijiyoyin huhu ke yi, duk da cewa maƙwabta ne. Oksijin da ke buɗe su shi ne yake rufe ta, tare da raguwar sinadaran furostagilandin da mabiyiya ke samarwa. Rufewar farko matsewar tsoka ce kawai, cikin awoyi zuwa 'yan kwanaki, rufewar dindindin kuma sai daga baya. Shi ya sa idan ka ɗora abin sauraro a ƙirjin ɗan doki mai kwana ɗaya ko biyu ka ji wani shuu da ba ya yankewa, ba lallai ne cuta ba ce, amma idan ka ji irinsa a ɗan kwikwiyo mai wata biyu, wannan daktus ce da ta ƙi rufewa, kuma tana cikin lahanin zuciya da aka fi samu a karnuka tun daga haihuwa.

Yanzu ga amfanin wannan duka a garke. Tun da a kwanakin farko tsokar jijiyoyin tana nan da kaurinta, shimfiɗar ciki ba ta gama ƙwarewa ba, daktus da ƙofar bangon zuciya kuma rufewar wucin gadi suka yi, to hanya a buɗe take ta komawa baya. Rudolph da Stanley Yuan sun nuna a 1966 da sababbin maruƙa cewa ƙarancin oksijin yana ɗaga turjiyar huhu, amma idan ya haɗu da tsamin jini, ɗagawar tana ninkawa matuƙa. To ka ɗauki maraƙin da aka daɗe ana ja da igiya da asubar hunturu, ya fito harshe a kumbure, jikinsa jiƙe, an bar shi kwance a gefe ɗaya a kan ƙasa mai sanyi. Doguwar naƙuda ta riga ta tsama masa jini, numfashinsa bai buɗe huhu sosai ba, sanyi kuma yana ƙara masa buƙatar oksijin. Jijiyoyin huhunsa za su sake tsukewa, jini ya koma bin daktus yana tsallake huhu, dasashinsa ya yi shuɗi-shuɗi, tsamin ya ƙaru, tsukewar ta ƙaru. Makiyayi zai ce maraƙin ya zo da rauni, alhali hanyoyin jininsa ne suka koma irin na cikin uwa a wurin da babu mabiyiya.

Abin da za ka yi a wannan hali ya fito ne kai tsaye daga bayanin da ya gabata. Ka share masa hanci da baki, ka zaunar da shi a kan ƙirjinsa da ƙafafu a naɗe don huhu biyun su sami damar buɗewa, ka soka masa tsinken ciyawa mai tsabta a hanci don ya yi atishawa ya ja dogon numfashi, ka goge shi da ƙarfi har ya bushe, ka kare shi daga iska, sannan a ba shi dakashi da zarar ya iya haɗiya. Al'adar rataye maraƙi ta ƙafafun baya na dogon lokaci don wai ruwa ya fita ba na goyon bayanta, domin mafi yawan abin da ke zubowa daga tumbi yake, kayan ciki kuma suna danne huhun da kake so ya buɗe. Ruwan da ke cikin huhu jiki ne yake tsotse shi ta bangon jakunkunan iska, numfashi kuma yana tura shi. Ka kuma yi hattara da magungunan kashe zafi irin su indometasin da danginsa a ƙarshen ciki, saboda suna hana ƙera furostagilandin, suna iya matse daktus tun ɗan yana ciki. Da ɗaure daktus ɗin ɗan tayin tunkiya kwanaki kafin haihuwa ne masu bincike suke haifar da hawan jinin huhu da gangan idan suna son nazarinsa. Irin wannan nazari ne ya kai ga shaƙa wa jariran mutane naitirik oksaid, wanda aka amince da shi a Amurka a 1999, da kuma amfani da maganin sildenafil, wanda ke hana rushewar saƙon da naitirik oksaid ke aikawa cikin tsoka.

Bambancin iri kuma ba ƙarami ba ne. Ɗan tunkiya da maraƙi da ɗan doki suna zuwa duniya da huhun da jakunkunan iskarsa suka yi nisa wajen samuwa, tun da za su miƙe su bi uwa a ranar, ɓera kuwa ana haifarsa kafin su samu, sai a makonni biyu zuwa uku na farko yake ƙera su. Don haka ɓera mai mako ɗaya da ɗan tunkiya mai mako ɗaya ba sa'o'in juna ba ne a wannan fage. Haka nan shanu da aladu suna da tsoka mai kauri a jijiyoyin huhu, kuma suna tsukewa da ƙarfi idan iska ta yi ƙaranci, tumaki da karnuka kuwa martaninsu mai sauƙi ne.

A shanu wannan ya zama matsalar kiwo ta gaske a tsaunukan yammacin Amurka. George Glover da Isaac Newsom sun bayyana ta a Kolorado a 1915. Shanun da ke kiwo a tudu mai tsawon fiye da mita 1,500 zuwa 2,000 sukan kamu da hawan jinin huhu, ɓangaren dama na zuciya ya gaji, ruwa ya taru a gaban ƙirji tsakanin ƙafafun gaba har ya yi lilo. Ƙananan dabbobi ne ta fi kamawa, kuma ana gadonta, shi ya sa makiyayan can suke auna matsin jinin huhun bijimai ta hanyar zura siririn bututu ta jijiyar wuya kafin su zaɓe su don barbara, suna fifita waɗanda awonsu ya gaza milimita 41 a ma'aunin zaiba. Kurt Stenmark ya nuna a 1987 cewa sababbin maruƙan da aka riƙe mako biyu a iska irin ta tsawon mita 4,300 sun sami hawan jinin huhu da ya kai ko ya zarce na jiki, ɓawon jijiyoyinsu kuma ya yi kauri ƙwarai. Bangon da ke cikin girma ya fi na babba saurin sauya gini idan aka takura masa, sai tsukewar da ta fara a matsayin martani na ɗan lokaci ta zama tsari na dindindin. Dabbobin da suka daɗe a tudu, kamar yak, wani irin sa mai dogon gashi a Tibet, da lama, dangin raƙumi a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, jijiyoyin huhunsu sirara ne kuma ba sa tsukewa haka.

Idan aiki ya kai ka tsaunin Mambila a jihar Taraba, inda ake kiwon shanu a tudun da ya haura mita 1,500, ka tarar da ɗan maraƙi da kumburi a gaban ƙirji, ka fara bincika abubuwan da suka fi yawa a wurinmu, wato tsutsar hanta da tsutsar ciki masu ƙarar da furotin na jini, da ƙusa ko wayar da dabba ta haɗiya ta soki jakar zuciya. Amma ka duba jijiyar wuya ko ta cika tana bugawa, ka tambayi makiyayin daga ina aka kawo uban maraƙin, musamman idan jinin shanun waje ne, kuma ka tambaye shi ko ya yi tari ko ciwon huhu a makonninsa na farko.